Saukowa Daga Dutse: Yaushe Ake Cewa Mashayin Ƙwaya Ya Warke?

Gabatarwa

Garin Kafanchan mahaɗa ce. Tun wajen shekarar 1927, lokacin da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso nan ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya kuma ya haura Jos, duk abin da ke yawo a ƙasar nan sai ya yada zango a garin. Jirgin ƙasa ya ja baya, amma hanyoyin mota sun gaje shi, kuma cikin kayan da suka sauke mana a shekarun baya-bayan nan har da katin ƙwayar tiramadol da kwalaben maganin tari mai kodin. Ba mu da niyyar sake jero illolin shaye-shaye a wannan maƙala, domin masu wa'azi da 'yan jarida sun yi wannan aiki. Abin da ya dame mu shi ne abin da ke biyo bayan an ce za a yi magani.

Mu ɗauki misalin wani saurayi da ƙwaya ta kama shekara da shekaru, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida. Ya daina ɗauke-ɗauke, ya koma gona, yana kwana a ɗakinsa. Sai dai kullum da safe yana shan wani magani da likita ya ɗora shi a kai, wanda kuma dangi ɗaya ne da ƙwayar da ta lalata shi. Wata rana kawunsa ya dube shi ya ce, "Yaro, ai ba dainawa ka yi ba, kanti kawai ka sake." Shin kawun nan ya yi gaskiya? In kuwa za a raba saurayin da wannan magani, wa ke da hurumin tsayar da rana, kuma da wane ma'auni? Waɗannan su ne tambayoyin da za mu yi ƙoƙarin tattaunawa.

Yadda Muka Iso Nan

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 daga cikin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe ciwo dangin ofiyom suka sha ba da umarnin likita ba, wato irin su tiramadol da kodin. Ɗaya daga cikin kowane mashaya huɗu mace ce. Kafin wannan, a watan Mayun 2018, Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike da BBC ta watsa. Haramcin ya taɓa kwalba, amma bai taɓa jikin da ya riga ya saba ba, don haka da yawa suka koma wa abin da ya sawwaƙa a kasuwa.

Ya kamata mu tuna cewa ba kowa ne ya shiga wannan hali don neman nishaɗi ba. Duk wanda ya san aikin citta a ƙasar Jaba da Kachia, daga huɗa zuwa tono da tsagawa da shanya, ya san aiki ne mai cin ƙugu da gadon baya. Ɗan ƙwadagon da ake biya gwargwadon abin da ya yi, da ɗan acaɓan da ke wuni a kan babur, da lebura mai ɗaukar bulo, kowannensu yana iya jin an ce ga ƙwayar da ke hana gajiya. Akwai mai ciwon sikila da aka saba yi wa allurar fentazosin har jikinsa ya kasa rabuwa da ita. Akwai kuma wanda rikice-rikicen da yankin nan ya sha fama da su, tun daga na 1987 zuwa na 2011 da hare-haren ƙauyuka da suka biyo baya, suka nuna wa idonsa abin da ya hana shi barci. Ba muna wanke kowa ba ne, muna dai cewa ƙofofin shiga suna da yawa, don haka hukunci ɗaya ba zai wadatar ba.

Abin da Ƙwaya Ke Yi wa Jiki

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da nata sinadaran kashe raɗaɗi, tana kuma da wasu kafofi da suke sauka a kai. Ƙwayoyin dangin ofiyom a kan waɗannan kafofi suke sauka, da ƙarfin da ya wuce na halitta. Idan abin ya ɗore sai jiki ya gyara zamansa, har abin da ke bugarwa jiya ya zama ba ya komai yau, dole a ƙara. Likitoci sun iyakance tiramadol a kan miligiram 400 a yini, alhali wadda ake sayarwa a bayan fage takan kai miligiram 225 a ƙwaya ɗaya. Ke nan wanda ya haɗiyi biyu ya riga ya ƙetare iyaka, shi ya sa ake ganin matasa suna faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya.

Ranar da aka yanke ƙwayar kwatsam sai jiki ya yi bore: hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, gumi da tashin tsigar jiki, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki da gudawa, ga rashin barci. Wannan yakan lafa cikin mako guda ko fiye da haka kaɗan, amma ƙishirwar abin da mutuwar zuciya sukan ɗauki watanni. Babban haɗarin kuwa a nan yake: juriyar da jiki ya tara takan zube cikin ɗan lokaci, ita kuwa sha'awa tana nan daram. Idan mutum ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, sai numfashinsa ya tsaya. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka sallama a jihar Washinton ta Amurka ya gano cewa a makonni biyun farko bayan fitarsu, haɗarin mutuwarsu ta hanyar zarce ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Wato jikin da aka wanke da ƙarfin tsiya ya fi kusa da kabari fiye da yadda iyaye ke zato.

Mari da Yaye

Al'adarmu ta ba mu hotuna biyu na raba mutum da abin da ya saba. Na farko shi ne mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, aka kuma sami irinsa a wasu garuruwan Arewa a makonnin da suka biyo. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba ƙiyayya ce ta kai su ba, rasa yadda za su yi ne, ga shi kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma mari ƙafa yake riƙewa. Ranar da aka kwance shi, mutum zai fito da jikin da ya rasa juriya da zuciyar da ta ƙara ɗaci, ya koma unguwar da ya bari da majalisar da ya bari.

Hoto na biyu shi ne yaye. Mun san yadda ake ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kakarsa, ya yi kukansa na kwana biyu ya haƙura. Da yawa daga cikinmu haka muke son a yi wa mashayi. Sai dai mun manta da abin da ke gabatar wannan rana. Uwa ba ta yaye jaririn wata uku, kuma ba ta yaye yaron da ke kwance ba lafiya. Takan jira sai ya yi haƙora, ya fara tafiya, ya saba da koko da tuwo, wato sai ya sami abin da zai koma wa. Ashe hikimar yaye ba a ranar rabuwa take ba, tana cikin watannin da aka yi ana shirya yaron. Wannan shi ne darasin da ya kamata mu ɗauko.

Maganin Riƙo

Abin da muka kira maganin riƙo a nan shi ne maganin da likita ke ba wanda ƙwaya ta kama a kowace rana, a kan awo tsayayye, domin ya riƙe jikinsa daga bore ba tare da ya bugar da shi ba. Guda biyu ne suka fi shahara. Na farko metadon, wanda aka fara haɗawa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930. Likitoci biyu a birnin Niyok, Vincent Dole da Marie Nyswander, su ne suka ba da rahoto a 1965 cewa masu shan hiroyin 22 da suka ɗora a kansa sun natsu, sun koma aiki da makaranta. Sirrinsa shi ne jinkiri: yana shiga a hankali, ya wuni ya kwana a jiki, saboda haka babu hawa da faɗuwar da ke sa mashayi ya wuni yana farautar na gaba. Na biyu bufurenofin, wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, yana kama kafofin nan amma ba ya buɗe su gaba ɗaya, don haka haɗarin tsayar da numfashi ya ragu.

A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili cikin Darussalam a 2011, Senegal kuma ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen 2014. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2017, wanda ya tattara bincike-bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa cikin kowane mutum 1,000 da ke kan metadon kimanin 11 ke mutuwa a shekara, amma cikin waɗanda suka bar shi adadin ya kai 36, kuma makonni huɗun farko bayan bari suna cikin mafiya haɗari. A ƙasarmu ba kowane asibiti ake samun irin wannan jinya ba, amma tambayar da take tayarwa ta riga ta iso gidajenmu, domin duk wanda ya dawo daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko asibitin koyarwa na Jos da ledar magani a hannu, zai gamu da mai ce masa yaushe zai daina.

Hujjojin Masu Suka

Hujja ta farko ita ce ta kawun nan, wato an sauya ƙwaya da ƙwaya. Amsarmu ita ce akwai bambanci tsakanin dogaro da jaraba. Mai ciwon sukari ya dogara da allurarsa, mai hawan jini ya dogara da ƙwayarsa, in sun bari za su kwanta, amma babu mai kiransu mashaya. Jaraba ita ce abin da ke sa mutum ya sayar da buhun cittar mahaifinsa, ya yi wa matarsa ƙarya, ya ci gaba alhali yana ganin abin yana kashe shi. Manazarcin nan Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ɗaya daga cikinsu da ake aunawa a ɗakin gwajin jini ko fitsari, dukkansu a mu'amala ake ganin su. In jaraba ta ƙwace wa mutum gaskiya da amana da kunya, magani kuma ya dawo masa da su, to da wane ma'auni namu na gado za mu ce bai warke ba?

Hujja ta biyu ta fi zurfi. Masu ita sukan ce shi ya jefa kansa, don haka sai ya ɗanɗani wuyar fita, kuma tuban da bai sha wuya ba ba ya ɗorewa. Haƙiƙa mutum yana da alhakin abin da ya aikata, kuma wanda ya cuci iyalinsa a lokacin shaye-shaye bashi yana kansa. Amma maɗori ba ya tambayar wanda ya karye ko mangwaron wa ya hau kafin ya ɗora shi, kuma ba a kwance karan ɗori don dangi sun gaji da ganin sa, sai ƙashi ya haɗe. Bugu da ƙari, wanda yake tashi kowace safiya ya sha maganinsa a kan ƙa'ida, ya wuce majalisar tsofaffin abokansa bai tsaya ba, yana nuna ƙarfin zuciya sau 365 a shekara. Matacce kuwa ba ya biyan bashi, ba ya kuma gyara abin da ya ɓata. A gari irin Kafanchan da masallaci da majami'a ke maƙwabtaka, kowane ɓangare yana da abin tunawa: Musulmi sun san giya mataki-mataki aka haramta ta, Kirista kuma sun san labarin uban da ya tarbi ɗansa ɓatacce tun yana nesa, kafin ya gama ba da haƙuri.

Hujja ta uku kuwa dole mu amince da ita. Maganin riƙo ba ruwan sha ba ne. Metadon yana kisa idan aka yi gaggawar ƙara shi a makonnin farko, ko aka haɗa shi da burkutu ko ƙwayoyin barci, ko yaro ya same shi a ajiye. Yana iya sulalewa ya shiga kasuwa in babu tsaro. Kuma ba duk mai shan kodin ko tiramadol ne ke bukatarsa ba, domin wanda bai yi nisa ba likita na iya rage masa cikin 'yan makonni ya rabu da abin. Har ila yau, jinyar da sai an yi tafiyar sa'o'i zuwa Kaduna ko Jos kafin a same ta takan zama wa talaka turke. Sai dai wannan kuka ne a kan nisan magani da ƙarancin ma'aikata, maganinsa kuma shi ne a kusanto da jinyar zuwa asibitoci irin na Kafanchan, a horar da ɗaliban kwalejin jinya da ke garin a kanta.

Saukowa

Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Kagoro ya san saukowa ta fi hawa wuyar sha'ani, domin a nan gwiwa ke rawa, ƙafa ke zamewa. Wanda ya diro daga sama shi ma ya iso ƙasa, har ya riga kowa, amma ba irin isowar da ake so ba ke nan. Haka rabuwa da maganin riƙo take. Wani bincike da aka buga a 2012 kan dubban masu jinya a lardin British Columbia na Kanada ya gano cewa 13 kacal cikin 100 na waɗanda suka fara rage metadon ne suka kai ƙarshe lafiya, kuma waɗanda suka ɗauki fiye da shekara suna ragewa, suna tsayawa suna hutawa tsakanin mataki da mataki, sun fi masu sauri dacewa nesa ba kusa ba. Masu iya magana sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.

Abin da mutum zai tarar a ƙasan dutsen shi ma abin dubawa ne. A farkon shekarun 1970, Lee Robins ta bi diddigin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Kimanin ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin a can, amma cikin waɗannan, kusan 5 cikin 100 ne kawai suka koma wa jarabar a shekarar farko bayan dawowarsu gida. Wurin ya sauya, abokan sun sauya, fargabar ta kau. Saurayinmu kuwa unguwarsa ɗaya zai koma, mai sayarwa ya san sunansa. Saboda haka kafin a yi maganar ragewa, sai a tambaya: yana da sana'ar da ke cika masa yini? Ciwon bayan ko baƙin cikin da ya kai shi ga ƙwayar, an yi masa magani? Yana da mutum ko da ɗaya da zai iya gaya wa gaskiya ranar da sha'awa ta motsa, ba tare da an tara masa dangi ba?

Daga nan muke ganin amsar tambayar hurumi. Rana ba ta kawu ba ce, ba ta surukai masu jiran a ɗaura aure ba ce, ba kuma ta kunyar abin da maƙwabta za su ce ba ce. Shawara ce tsakanin mai jinya da likitansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ransa ne a kan faranti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tabbatar wa mai jinya haƙƙin a saurare shi a kan jinyarsa. Aikin dangi shi ne su tsaya kusa, su san alamun zarce ƙima, wato barcin da ba a iya tayarwa da numfashi mai ja da ƙwayar ido da ta tsuke, su kuma san akwai maganin nalokson da ke farfaɗo da mutum in an yi hanzarin kai shi asibiti. In an rage sai jiki ya ƙi, komawa matakin baya ba abin kunya ba ne. Akwai kuma waɗanda za su tsufa suna shan maganinsu, kamar yadda wasu ke tsufa da tabarau, wannan bai rage musu komai ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa warkewa daga jarabar ƙwaya dawowar mutum ce cikin mutane, da gaskiyarsa da amanarsa da sana'arsa, rabuwa da maganin riƙo kuwa mataki ne da ka iya zuwa daga baya in hali ya yi. Wanda ya matsa wa mai jinya ya yar da maganinsa don a huta da surutun jama'a, caca yake yi da ran da ba nasa ba, in kuma aka faɗi ba shi za a binne ba. Da kawun nan zai karɓi shawararmu, da ya bar tambayar yaushe za a daina, ya kira ɗan 'yar'uwarsa ya ce, "Yaro, yaya barci? Yaya gonar? In ranar komawa asibiti ta zo ka gaya mini, ni zan biya kuɗin mota." Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ba mu haƙurin jinyarsu.